Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Rubuta Da Shirya Fina-finan Gidajen Miyagu

Assalamu alaikum.

Wannan takarda zuwa gare ku ce, marubuta da daraktoci da masu zuba jari a shirye-shiryen talabijin masu dogon zango, musamman ku da kuka kama labarin gidan da arzikinsa ya ginu a kan laifi: wa shugaban gungun miyagu, ƙani ɗan majalisa, uwa ta san komai ta kawar da kai. Mu masu nazarin rubutun irin waɗannan shirye-shirye ne, masu kuma bibiyar shari'o'in da aka yi wa ƙungiyoyin miyagu na zahiri, kuma ƙorafinmu guda ɗaya ne. Kun ɗora wa bindiga kayan da ba nata ba. Da zarar labari ya cije, sai a harbe wani. A kashi na biyu gawa, a na huɗu gawa biyu, kafin a kai na bakwai mai kallo ya daina tambayar wa aka kashe, ya koma latsa wayarsa.

Abin da ke riƙe irin wannan labari bashi ne. Wa ya yi wa wa alfarma, me aka karɓa, yaushe za a zo karɓar biya, me kuma zai faru in ranar ta zo hannu babu komai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma duk zangon shirinku bai wuce jiran ranar askin ba.

Ku fara da kuɗi tun kafin ku rubuta fitowa ko ɗaya. Ku ɗauki shafi guda ku amsa tambayoyi huɗu: daga ina kuɗin gidan nan ke shigowa kowane mako, wa ke zuwa karɓa, kaso nawa ke hawa sama wurin maigida, ina kuma kuɗin ke kwana. Rubutu da yawa a nan yake faɗuwa, domin daga "harkar nan" sai "kaya sun iso", ba wanda ya san wace harka, har shi marubucin. Alhali kowace hanyar kuɗi da halin da take tilasta wa mai ita. Mai karɓar kuɗin kariya daga 'yan kasuwa dole a san fuskarsa, tunda tsoronsa shi ne hajarsa: yana zama a fili, yana raba rigima, ana ganinsa a wurin jana'iza. Mai safarar ƙwaya kuwa ba shi da abokin gaba kamar suna. Mai ba da bashi da ruwa ba ya son mutuwar wanda yake bi, gawa ba ta biyan ruwa. Burinsa bashin ya yi ta kumbura har ya mallake shagon, mai shi ya koma yaronsa. In kuka haɗa wa mutum ɗaya waɗannan halaye uku a lokaci guda, mai kallo ba zai iya cewa ga abin da ya ɓaci ba, amma zai ji a jikinsa cewa wannan ba mutum ba ne, hoto ne.

Kuɗi kuma yana da nauyi. Takardar dalar Amurka, ko ta nawa ce, giram ɗaya ce. Dala miliyan ɗaya a takardun ɗari-ɗari takarda 10,000 ke nan, kilo 10. To amma kuɗin titi ba ɗari-ɗari yake zuwa ba. A takardun ashirin-ashirin, miliyan ɗin nan takarda 50,000 ce, kilo 50. Saboda haka jarumin da ya ɗauki 'yar jakar hannu da yatsu biyu ya ce miliyan goma ce a ciki ya yi wa lissafi ƙarya. Kuma asara kuka yi, domin a cikin nauyin nan akwai fitowa uku ko huɗu kyauta: wa zai ƙirga, a wane ɗaki, wa ke riƙe da makulli, laima da ɓera sun ci nawa, matar gida ta lura rufin ɗaki ya fara lotsawa.

Halatta kuɗin haram mataki uku ne. Na farko a shigar da tsabar kuɗin cikin banki ko cikin wata sana'a. Na biyu a yi ta juya shi daga asusu zuwa asusu, daga kamfani zuwa kamfani, har sawunsa ya ɓace. Na uku a dawo da shi da sunan riba, ko kuɗin haya, ko kuɗin sayar da gida. Na farkon ya fi haɗari. A Amurka banki yana kai wa hukuma rahoton duk wata mu'amalar tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000, kuma rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana don a zille wa rahoton shi kansa laifi ne. Shi ya sa ake fakewa da sana'ar da ake biya a hannu, irin wankin mota ko gidan abinci. Inda abin ke lalacewa shi ne haɗama: a rubuta an wanke mota 300 a yini, takardar ruwa da wuta ta nuna aikin mota 40. Wanda ya fi kowa haɗari ga maigida ba mai riƙe bindiga ba ne, akawu ne. Al Capone, shugaban gungun miyagu a Amurka, da duk jinin da aka zubar a Chicago a zamaninsa, a kan haraji aka ɗaure shi a 1931, shekara 11. Ku ba akawun nan suna, ku ba shi mata da ke son ƙaura, ku ba shi tsoro.

Sai ɗan siyasa, kuma a nan muka fi jin takaici. Kusan kullum ana nuna shi cikin dare a wani kango, shi kaɗai, yana karɓar jakar kuɗi daga hannun maigidan miyagu. Wane ɗan siyasa ne mai hankali zai yi haka? Tsakaninsu akwai mutum ɗaya ko biyu: lauya, ɗan kwangila, suruki. Kuma abin da ɗan siyasa ke sayarwa ba ƙarfi ba ne, sa hannu ne: izinin gini, kwangilar kwashe shara, lasisi, sauya wa jami'in da ya cika tambaya wurin aiki, ɗaukar yaran maigida aikin da ba sa zuwa. Abin da yake saya kuma ƙuri'a ce, da kuɗin yaƙin zaɓe, da unguwa ta yi tsit ranar da yake buƙata.

Ku dubi Palermo ta tsibirin Sisili a Italiya. Daga ƙarshen shekarun 1950, lokacin da Salvo Lima ke magajin gari, Vito Ciancimino kuma ke riƙe da sashen ayyuka, an ba da izinin gini sama da 4,000 cikin 'yan shekaru, fiye da rabi da sunan wasu tsofaffi uku 'yan fansho da ba ruwansu da gini. Aka rushe tsofaffin gidaje masu lambu aka kafa benayen siminti. Ba a harba ko harsashi ɗaya a ofishin da aka buga hatimin ba, amma an canja fuskar birni guda. Ga labarin zango ɗaya cikakke, kuma jaruminsa yana iya zama tsohon nan da ba ya iya biyan haya alhali a takarda shi ne babban magini a gari.

Ƙarshen Lima kuma shi ne darasin bashi. A watan Janairun 1992 kotun ƙolin Italiya ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa shugabannin Mafiya, ƙungiyar miyagun Sisili, a babbar shari'ar da aka yi musu a Palermo. Su kuwa sun sa ran abokansu na siyasa za su sa a warware. Ba a warware ba. A watan Maris aka harbe Lima, yana ɗan majalisar Turai. Wannan kisa yana da nauyi ne don shekaru sama da talatin na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suna bayansa. Ku kwatanta da naku, inda ake gabatar da kwamishina a kashi na uku a kashe shi a na huɗu.

Akwai kuma kuskuren mayar da maigidan miyagu ɗan takara da kansa don kawai labari ya yi zafi. Yana faruwa, amma ku nuna abin da ke biyo baya. Pablo Escobar, babban mai safarar ƙwaya, ya shiga majalisar Kolombiya a 1982 a matsayin mai maye gurbi, sai hasken da ya nema ya tona shi: ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla ya fallasa tushen dukiyarsa, Escobar ya rasa kujerar, aka kashe ministan a 1984, daga nan gwamnati ta juyo kansa gaba ɗaya. Mai wayo ba ya hawa kujera, yana riƙe da wanda ya hau.

Yanzu gida, wanda shi ne zuciyar lamarin. Kuna yawan sa mutane suna furta kalmar amana da zumunci a baki, kowace fitowa sai wani ya buga ƙirji ya ce jininsa ne. Biyayyar da ba ta ci wa mutum komai ba magana ce kawai. Duk lokacin da wani ya zaɓi ɗan'uwansa, dole mai kallo ya ga abin da ya ajiye kafin ya zaɓa: aiki, aure, mutunci, ko barcin dare.

Misalin da ya fi kowane dacewa na birnin Boston na Amurka ne. James Bulger, wanda ake kira Whitey, shugaban gungun miyagu ne, a ɓoye kuma yana kai wa FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, rahoto. Ƙaninsa William Bulger ya shugabanci majalisar dattawan jihar Massachusetts daga 1978 zuwa 1996. A ƙarshen 1994 wan ya gudu bayan an tsegunta masa za a kama shi, ya yi shekara 16 ana nemansa. Ba a taɓa tuhumar ƙanin da laifi ba, ku riƙe wannan. Abin da ya fito daga baya shi ne sun yi magana ta waya a farkon 1995, bai kuma taimaka a kamo wan nasa ba. A 2003 ya amsa tambayoyi a gaban kwamitin majalisar tarayya, a shekarar kuma ya sauka daga shugabancin jami'ar jihar. Da a ce rubutun da muke yawan gani ne, da tuni an sa ƙanin yana binne gawa tare da wansa. Ba a buƙatar haka. Kiran waya ɗaya da shiru na shekaru sun fi ƙarfin kowace gawa, domin kowane mai kallo zai tambayi kansa shi da me zai yi. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Aikinku shi ne ku nuna yadda ruɓar ke hawa zuwa kafaɗa, wata bayan wata.

(In za ku ɗebo daga rayuwar mutanen gaske, ku canja suna da gari da sana'a da adadin 'ya'ya, kada kuma ku liƙa wa wanda za a iya ganewa laifin da kotu ba ta kama shi da shi ba. Lauya ya karanta rubutun kafin a kunna kyamara, ba bayan an tace ba.)

Dangi garkuwa ne, kuma su ne ɓarakar garkuwar. Ƙungiyar 'Ndrangheta ta yankin Calabria a kudancin Italiya ta ginu ne a kan jini da auratayya, shi ya sa masu juyawa su ba da shaida suka yi ƙaranci a cikinta: wanda zai yi magana, uba da ƙane da suruki zai tona. A ɗaya ɓangaren, Tommaso Buscetta, ɗan Mafiyar da ya buɗe wa alƙali Giovanni Falcone cikin Mafiyar Sisili a 1984, bai buɗe baki ba sai da abokan gaba suka hallaka 'ya'yansa biyu maza da ɗan'uwansa da wasu danginsa. To ku lura, ba tuba ce ta zo masa cikin dare ba. An karya masa abin da yake yi wa shiru. In mutuminku zai ci amanar ƙungiya a kashi na tara, dalilin ya fara tsiro tun kashi na biyu, kuma a cikin gidansa.

Haka ma kamu. Bernardo Provenzano, shugaban Mafiyar Sisili, ya yi shekara 43 a ɓoye, ba ya taɓa waya, da 'yan guntayen takardu yake aika umarni daga hannu zuwa hannu. A Afrilun 2006 'yan sanda suka bi ƙunshin wankakkun kaya da aka aika masa daga gida, har zuwa wata bukkar gona kusa da garin Corleone. Escobar kuma tsawaita magana da ɗansa a waya ce ta nuna inda yake a birnin Medellín na Kolombiya, aka kashe shi a Disamban 1993. Mutanen da suka gagari runduna, wanki da kewar ɗa suka bayar da su. Ba za ku ƙirƙiro abin da ya fi wannan ba, don haka ku daina sa wani baƙon ɗan leƙen asiri ya faɗo daga sama a kashin ƙarshe.

Mata kuma ku daina ajiye su a falo suna kuka ko suna sayayya. In maza suna kurkuku, wa ke kai saƙo ranar ziyara, wa ke raba wa iyalan ɗaurarru kuɗin wata, wa ke tuna wa yaro wanda ya kashe ubansa? Kuɗin iyalan ɗaurarrun nan ku sa shi a lissafinku na shafin farko, domin shi ne kuɗin shiru. Watan da aka fasa biya, watan ne wani zai nemi ganin mai gabatar da ƙara.

Hukuma ba sai mun daɗe a kanta ba, abu ɗaya ne: tana tafiya a hankali, kuma jinkirin nan riba ne gare ku. A Amurka sauraron wayar mutum a ɓoye sai da izinin alƙali, izinin ba ya wuce kwana 30 sai an sabunta, sai an nuna sauran hanyoyin bincike sun gaza ko ba za su yi ba, kuma ana buƙatar mai sauraro ya rage jin hirar da ba ta shafi laifin ba. Ga agogo yana bugawa, ga jami'i da ya cire abin sauraro daga kunne daidai lokacin da bai kamata ba. Dokar RICO ta Amurka ta 1970 ita ta ba da damar kama shugaban da bai taɓa riƙe bindiga ba, in aka nuna aƙalla laifi biyu cikin shekara goma da ke da alaƙa da tafiyar da ƙungiyar. Italiya ta mayar da zama ɗan Mafiya laifi mai zaman kansa a 1982, bayan an kashe ɗan majalisa Pio La Torre da ya kawo ƙudurin. Babbar shari'ar Palermo ta fara a 1986 da mutum 475 da ake tuhuma, aka yanke hukunci a ƙarshen 1987, ba ta tabbata ba sai 1992, kuma a shekarar aka kashe Falcone da abokin aikinsa Paolo Borsellino, wata biyu tsakani. Ɗan sandan da ke fasa ƙofa shi kaɗai ya kama maigida da tsakar dare, a zahiri shari'ar ya kashe.

Wanda kuka fi mantawa shi ne mai biya. Kyamara tana bin maigida zuwa gidansa, tana nuna shi yana wasa da jikansa, har mai kallo ya fara so masa nasara. Ba laifi, haka ya kamata. Amma in ba a ga fuskar wanda ake tatsa ba, kun yi wa miyagu talla. Libero Grassi mai masana'antar tufafi ne a Palermo. A Janairun 1991 ya buga wasiƙa a jarida yana gaya wa masu neman kuɗin kariya cewa ba zai biya ba. 'Yan'uwansa 'yan kasuwa ba su tsaya tare da shi ba, a watan Agusta aka harbe shi. Kaɗaicin da ke tsakanin Janairu da Agusta, shi ne abin da ba mu taɓa ganin kun ba shi lokacinsa ba. Ku ware wa mutum ɗaya irinsa aƙalla fitowa uku a warwatse cikin zango: ranar da aka fara zuwa masa cikin ladabi ana tambayar lafiyar iyali, ranar da ya tarar an cusa gam a kwaɗon shagonsa, da ranar da maƙwabcinsa ya gan shi ya tsallaka titi.

Ga lissafin zango. A ce kashi goma ne, kowanne minti 50, shafin rubutu ɗaya kusan minti ɗaya: shafi 500 ke nan. Shawararmu kada mutuwar wanda mai kallo ya san sunansa ta wuce uku ko huɗu a cikinsu, kuma kowace sai ta cika sharaɗi uku. A san wa ya ba da izini, domin a ƙungiya mai tsari kisa ba tare da izini ba shi kansa laifi ne da ake biya da rai. A san me ta ci wa gidan: kuɗi, abokin siyasa da ya daina ɗaga waya, ko 'yan sanda da suka cika unguwa har ciniki ya tsaya. A kuma ga wanda zai rayu da ita, aƙalla kashi biyu bayanta. Kisan da bai canja wa kowa abin da yake bi ko ake binsa ba, ku cire shi, ba za a ji kewarsa ba.

A ɗakin rubutu ku kafa allo, ku jera sunayen manyan mutanen labarin a tsaye, kada su haura goma sha biyu a zangon farko. Gaban kowane suna layi uku: wa yake bi, wa ke binsa, me ya sani wanda in ya faɗa wani zai shiga kurkuku. Bayan kowane kashi ku koma allon da alli. In babu layin da kuka goge ko kuka sake rubutawa, kashin nan bai motsa ba, ko da mota nawa aka ƙona a ciki. Ku mayar da shi kan tebur kafin a fitar da ranar ɗauka.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin rubutun wasan kwaikwayo na talabijin.